Tsakuwar Gwaggo Iyatu

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Sakamako ya fito. Cikin mu huɗu da aka ɗibi jininmu, ni kaɗai ce ƙodata ta dace da jikin Muhibba. Ni! Yaya Lawal, ubanta, ciwon suga ya fitar da shi tun kafin a kai ga gwaji. Uwarta jininsu bai zo ɗaya ba. Ƙannenmu biyu kuwa ko kusa. Ranar da aka yi taron gida ni na fara ɗaga hannu, na ce in dai ƙoda ce ga tawa, aka yi ta sa mini albarka. Wallahi na ɗaga ne don na tabbata ba za ta dace ba. Ni da ko allura sai nas biyu sun danne ni.

Amma da saura. Dokta Manniru ya juyo mini da hoton, ya nuna wani farin ɗigo a ƙasan ƙodata ta hagu, wadda suke so su ɗauka. Tsakuwa ce, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya ce ba za su dasa wa yarinya 'yar shekara goma ƙoda da tsakuwa a ciki ba. Sai an fasa ta, ta fita tas, sannan a gwada a ga ko jikina mai yawan tara su ne. In ba ta fita ba, maganar ta mutu ke nan.

Yaya ya dafe kai. Ni ma na dafe don a gani. A nan kaɗai zan rubuta: daɗi na ji. Allah Ka yafe mini.

Laraba, 7 ga Mayu

Muhibba ta dawo daga wankin ƙoda a galabaice, amma bakin nan yana nan. Wai, "Gwaggo Iyatu, ashe shi ya sa kika cika taurin kai, dutse ne a cikinki." 'Yar nema.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na ɗauki uzuri a makaranta, na bar wa 'yan aji biyar aikin lissafi, na kama hanyar asibiti tun daga Jiwa. Mota uku na hau.

Ashe bincike suke yi a kan masu tsakuwa irin tawa. Wata nas, Sista Mabel, ita ke riƙe da shi. Gajeruwa ce, ga biro uku a aljihu, Hausarta rabi da rabi. Ta zaunar da ni ta karanta mini fom shafi huɗu. Abin da na gane shi ne, bayan inji ya fasa tsakuwar, ɓarɓashin yakan kwanta a gindin ƙoda ya ƙi fita. To suna so su gano abin da ya fi kore shi. Rukuni biyu ne. Na farko su sha ruwa da yawa, shi ke nan. Na biyu su sha ruwan, sannan su riƙa zuwa asibiti ana yi musu wata dabara a kan gado na musamman. Ba mutum ke zaɓa ba, ambulan ake ja.

Na ce, "In ban so ba fa?" Ta ce ba dole, magani na za a yi ko na shiga ko ban shiga ba. Da ta ce ba dole sai kunya ta kama ni, na sa hannu.

Na ja ambulan mai lamba ashirin da bakwai. Ruwa kawai. Alhamdu lillahi, ba mai taɓa ni.

Talata, 20 ga Mayu

An fasa tsakuwar. Duk kukan da na tanada ban samu wurin yin sa ba.

Ba yanka ba ɗinki. An yi mini allurar rage zafi (an danne ni, e, na yarda), aka kwantar da ni, aka shafa mini wani abu mai sanyi a kwiɓi, aka manna wata roba cike da ruwa. Sai inji ya fara: tas, tas, tas. Kamar yaro yana harbinki da robar ɗaure kaya, wuri ɗaya, ba hutu. Na fara ƙirgawa, na ɓace a ɗari huɗu da wani abu. Mai injin ya ce sun kusa dubu uku. Na ce masa, "Oga, in ka gama da tsakuwar ka bar mini ƙodar." Dariya ya yi ta yi har Dokta ya harare shi.

Da zan tafi Sista Mabel ta miƙo mini rariya, irin ta tace shayi sak, da 'yar kwalba mai lambata. Wai duk fitsarin da zan yi sai na tace, abin da ya tsaya in zuba a kwalba in kawo mata. Ruwa kuma gora uku manya kullum. Ni Iyatu, malamar makaranta, shekara talatin da takwas, yau ni ce da tace fitsari.

Juma'a, 23 ga Mayu

Rariyar ta faɗo daga jakata a ofishin malamai. Wata ta ce ko na fara sayar da shayi ne. Na ce e, ta kawo kofinta.

Laraba, 28 ga Mayu

Ruwan nan ba na shan sa yadda aka ce. Gora ɗaya, wani lokaci da rabi. A takardar Sista dai uku nake rubutawa. Ina ce wa kaina banɗakin makaranta ne ba ya shiguwa. Ƙarya nake, kuma na sani.

Talata, 3 ga Yuni

Hoto na biyu. Tsakuwar ta farfashe, amma ɓarɓashin yana nan kwance a gindin ƙoda, bai je ko'ina ba. Dokta Manniru ya ce a ba shi wata guda. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malama, ana shan ruwa kuwa?" Na ce sosai ma.

Ranar wankin Muhibba ce, don haka tare muka zauna a benci muna jiran layi. Kusa da mu wani dattijo, Baba Jonah, manomin doya daga wajen Gwagwalada, shi rukuni na biyu ya ja. Mutumin nan da labari! Ya ce, "'Yata, su ba ni ruwa na sha har ciki ya cika, su kwantar da ni a gado, gado ya ɗaga ƙafa sama, kai na ƙasa kamar jemage. Sai nas ta zo ya dinga buga mini baya, buga, buga. Na je gida, dutse ya fita kamar yashi!" Har ya zaro kwalbarsa yana kaɗa mana ita, yana alfahari kamar ya ci gasa.

Na yi dariya har da hawaye. Muhibba ba ta yi ba. Tambayoyi ta dinga jero masa: minti nawa, wane gefe, da tafin hannu ko da dunƙule.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. An ce in rage nama da gishiri. Tsoka uku na ci. To, biyar.

Lahadi, 8 ga Yuni

Da hantsi na fito ɗakina na tarar da tsohon ƙyauren kicin a tsakar gida, an ɗora gefe ɗaya a kan turmi, an shimfiɗa bargo a kai. Muhibba tsaye da gora a hannu, uwarta na laɓe a bakin ƙofa tana ƙunshe dariya.

"Gwaggo, sha ki hau."

Na ce ba inda zan hau, ni rukunin ruwa aka sa ni. Ta ce, "To ai ruwan ma ba kya sha. Ina ƙirga gorunan da kike fitarwa."

Na karɓi gorar na kafa kai don in rufe mata baki. Da na sauke sai na ga yadda take kallon maƙogwarona. Ita kofi biyu aka yarje mata a yini gaba ɗaya, har da na shan magani. Ƙanƙara take tsotsa in ƙishi ya matsa mata. Na san wannan tun bara, amma ban taɓa shan ruwa tana tsaye a gabana haka ba. A hankali ta ce, "Da sanyi?" Na ce da sanyi. Ta ce, "In aka yi aikin, randa guda zan shanye."

Na hau ƙyauren. Kai ƙasa, ƙafa sama, ɗankwali ya zame, kaji na kallona. Ta dinga buga mini kwiɓi da tafin hannun da ba ta nan ake mata wankin ƙoda ba, tana ƙirgawa da Turanci. Hannun nan ba nauyi ko kaɗan. Na yi kuka, na ce jini ne ya taru mini a ido.

Alhamis, 12 ga Yuni

Gora uku. Na gaske.

Asabar, 14 ga Yuni

Yau rariya ta kama abu! Ƙwaya huɗu, launin ƙasa, kamar tsakin gero. Fitarsu da zafi, na ciji zani. Muhibba ta zaga gidan nan kaf tana nuna kwalbar, har maƙwabciyarmu da ta shigo aron tukunya sai da aka nuna mata. Mutuncina dai ya gama zubewa a unguwar nan.

Yanzu Yaya ne ke riƙe ƙyauren kada ya zame. Shi da ba ya ko shiga harkar mata.

Talata, 17 ga Yuni

Na kai wa Sista Mabel kwalba. Ta ɗaga ta a haske, ta yi murna, ta ce ruwa yana aiki. Da na yi shiru da an wuce wurin. Bakina ne ya suɓuce, na ce ai har da ƙyauren.

"Wane ƙyaure?"

Na ba ta labari. Ta zauna daɓas. "Madam Iyatu, kin kashe ni! Ke ruwa kawai ne! Yanzu in dutse ya fita, ni zan rubuta mene? Ruwa ne ko ƙofa?" Tun da an fara, na ƙarasa mata da maganar gorunan ƙarya na makonnin farko. Ta cire biro ɗaya, ta mayar, ta ciro jan.

Ta kira Dokta Manniru. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, sai danne dariya yake. Ya ce bincike da gaskiya yake tafiya, gara da na faɗa, za a rubuta komai yadda ya faru. Amma ƙyaure da turmi a daina daga yau, kada in faɗo in karya wuya a rasa ƙodar da mai ita. Ya tambayi wa ya koya mana. Na ce ban san sunansa ba. Sista ta ce, "Baba Jonah ne, na sani! Mutum uku ke nan ya lalata mini." Daga yau wai rukuni biyun ba za su ƙara zama benci ɗaya ba.

Na ba ta haƙuri da gaske. Shekara biyu take tara bayanan nan, mutum ɗaya-ɗaya.

Laraba, 18 ga Yuni

An mayar da ƙyauren bayan kicin. Muhibba ta yi fushi da Dokta, ta ce baƙin ciki yake da asibitinta. Ta koma aikin ƙirga gora.

Talata, 1 ga Yuli

Hoto na uku. Dokta ya daɗe yana dubawa, ya juya ta nan, ya juya ta can. Ni kaina ban san me nake roƙo ba.

Babu komai. Tas.

Saura gwajin fitsarin yini guda a jarka, da na jini. Yaya ya yi sujada a barandar asibiti, mutane na tsallake shi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Gwaje-gwajen sun yi kyau. Jikina ba mai tara tsakuwa ba ne, waccan ɗin tsautsayi ce da ƙarancin shan ruwa.

Sai Dokta Manniru ya ce Yaya ya ɗan ba mu wuri. Ya rufe ƙofa, ya kira wata likita da ban sani ba, wadda ba ta cikin masu duba Muhibba. Ita ta yi maganar. Ta ce haka ƙa'idarsu take ga duk mai bayarwa. Aiki ne babba, akwai ciwo, akwai haɗari ko da kaɗan ne, kuma da ƙoda ɗaya zan ƙarasa rayuwata. In har a raina ba na so, in faɗa musu yanzu. Za su gaya wa dangi cewa ban cancanta ba, ba za su faɗi dalili ba, ba wanda zai taɓa sanin daga bakina ta fito.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Likita, sau dubu uku aka harbe ni. Na tace fitsari wata biyu. Na kwanta kai ƙasa a gaban kaji. Yanzu ne za ku ce in fasa? Ku ba ni rana kawai!" Har Yaya ya jiyo muryata daga waje, ya ɗauka wani mugun labari ne.

Ashirin da tara ga wata. Talata.

Ban ce tsoro ya tafi ba. Yana nan, musamman in na tuna allurar barci. Haushi ne kawai suka ba ni, shi ya sa na yi magana haka.

Na haɗa jakar asibiti da la'asar. Saura kwana goma sha tara, na sani. Don kada in manta silifa ne.