Suwaitar da Ta Yi wa Baban Salwa Yawa

Greensboro,
20 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga Yayata Hanifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Na ga hotunan sallah da kika turo, yaran sun yi girman da sai da na tsaya ina tantance wane ne wane. Mu a nan Salwa tana lafiya, saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare. Ni ma ina nan ina aikina na kula da tsohuwar Baturiyar nan ta unguwar Irving Park, sai dai na rage kwanakin zuwa. Alhaji Surajo ne zai kawo miki takardar, jibi zai tashi, ya ce zai biyo ta Zariya. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Abin da ke bakina ba zai faɗu a waya ba, bangon gidanmu ba shi da kauri, kuma Yaya Ma'aruf, Baban Salwa, yana jin duk motsina. Ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai kafin ki ci gaba.

Kin san ni da saƙa tun muna yara, kwarashi ba ya barin hannuna, ke ce ma mai ɓoye mini shi in Inna ta aike mu. Da na zo nan, tsohuwar da nake kula da ita ta koya mini saƙa da tsinke biyu, irin wadda ake yin suwaita da ita. Hannunta yana rawa yanzu, amma idonta bai mutu ba, daga kujerarta take hango inda na yi kuskure. Kullum da zare a jakata. Ina saƙa in ta yi barcin rana, ina saƙa a mota ina jiran Salwa ta fito daga makaranta. Sai dai ban taɓa dacewa da awo ba. Wadda na fara yi wa Salwa, hannayenta har gwiwa suka sauka. Ta biyu wuyanta ya ƙi shiga kai. Wata kuma da ta yi kyau, na manta na jefa ta a injin busar da kaya, ta fito ko jariri ba za ta shiga ba. Har abin ya zama abin tsokana a gidan, da sun ga na ɗauko sabon zare sai su fara tambayar wa tsautsayin zai faɗa wa.

Bara a watan Agusta na ce wannan karon sai na fitar da kaina kunya. Na sayi zaren ulu mai kyau, kore mai duhu, na tsayar da Baban Salwa a falo na zagaya ƙirjinsa da tef, inci arba'in da huɗu, na rubuta a takarda na manna a jikin firij. Wata uku ina kanta, ina ƙirga kowane layi. A ƙarshen Nuwamba na gama, na ba shi ya saka. Yaya, rigar ta zubo masa kamar buhu, kafaɗun sun sauko har damtse. Salwa ta yi ta dariya, tana cewa da Turancinta wai Mama ta saƙa wa Baba tanti. Shi ma ya yi dariya, ya ce ai an saba. Ni kuwa haushin kaina ya kama ni. Washegari na tafi da ita wurin aiki don tsohuwar ta nuna mini inda na ɓata. Ta sa na shimfiɗa ta a kan tebur, ta auna da kanta har sau biyu, arba'in da huɗu cif. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta ce saƙar ba ta da laifi, in koma gida in sake auna mutumin.

Ranar Lahadi da safe na tare shi da tef. Ya yi ta zillewa yana wasa, da ya ga ba wasa nake ba ya tsaya. Da na ɗaga rigarsa sai na tarar da singileti biyu a ciki. Na sa ya cire, na auna, arba'in ma da ƙyar ya kai. Na ɗauko bel ɗinsa, na ga sababbin ƙofofi uku da ya huda da ƙusa. Da na matsa masa, ya faɗa mini cewa abincin da nake zuba masa a kula abokan aikinsa ne suke cinyewa, shi loma biyu ta ishe shi, kuma bayansa yana ciwo tun kafin Agusta. Shekara goma sha tara muna kwana ɗaki ɗaya, amma sai da wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinsa ba ta faɗa mini mijina ya rame. Na roƙe shi mu je asibiti. Ya ce olsa ce, kuma lokacin bukukuwan ƙarshen shekara ne, ɗakin ajiyar kayan da yake aiki a titin Wendover ba ya ba kowa hutu, in bari sai Janairu. Na yi magana sau biyu, sau uku, sannan na yi shiru. Wannan shirun ne har yau yake cin raina.

A sati na biyu na Janairu idanunsa suka koma rawaya. Da kaina na tuƙa shi zuwa asibiti. Kwana huɗu suna gwaje-gwaje, sannan likita ta ja kujera ta zauna kusa da gadon. Ta ce ciwon daji ne a cikinsa, kuma ya riga ya kai hanta. Na tambaye ta ko da mun zo a Nuwamba da an tare shi. Ta ce mai yiwuwa da ba abin da zai canza, amma ban sani ba ko don ta kwantar mini da hankali ta faɗa. Aka fara yi masa ƙarin maganin da suke kira kimo, duk bayan sati biyu, wuni guda a kujera. Maganin ya sa masa wani irin jin sanyi, ko cokali ya taɓa sai ya ce kamar allura, ruwa ma sai na ɗumama masa. Sai na warware suwaitar nan gaba ɗaya, na sake naɗe zaren, na fara daga farko a kujerar da ke gefensa. Wannan karon na yi dabara, na rage awon zuwa talatin da takwas, don in riga ciwon. Ina saƙa ina addu'a, ina ganin kamar in na yi sauri wani abu zai tsaya. A tsakiyar azumi na gama, azumin da ko ɗaya bai iya ɗauka ba. Ya saka, ta sake yi masa yawa. Salwa tana wurin, ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa.

Na kama bakin rigar zan fara warwarewa a karo na biyu, sai ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce in bar ta haka, kada in sake sa kaina a zare wata biyu, in ajiye tsinken mu yi hira. Ita yake sakawa yanzu kullum, hannun a naɗe sau uku, ko da yake gari ya yi ɗumi, ƙurar furanni ta rufe motoci, mutane suna yawo da gajeren hannu. Kwana goma da suka wuce likitoci suka tsayar da maganin, sun ce ba ya aiki, wahala kawai yake ƙara masa. Wata nas ce take zuwa gida tana ba shi na rage zafi. Na raka ta mota na ce ta faɗa mini gaskiya. Ta ce makonni ne, in an yi sa'a wata biyu, sauran kuma mu mun san na Allah ne. Safa kawai na saƙa masa tun daga nan, don ƙafafunsa ba sa ɗumi, ita ma ta ƙi shiga, ƙafar ta kumbura.

Ga dalilin takardar. Gwaggo, mahaifiyarsa, ba ta sani ba. Tun ranar farko ya hana ni faɗa wa kowa a gida, ya ce mahaifiyarsa tana da hawan jini, ta binne mijinta, ta binne ƙaramin ɗanta Yahya, ba zai zama shi ne zai ƙarasa ta ba. Duk Juma'a yana kiranta, ya tattara ɗan ƙarfinsa ya yi murya, ya ce mata kyamarar wayarsa ce ta lalace. Wancan satin ina jinta tana ce masa ta ajiye masa daddawa da kuka sai ya zo a Disamba. Ya ce to, in sha Allahu. Da ya kashe wayar ya juya fuskarsa bango. Wata uku ina yi masa biyayya a kan wannan. Amma ranar Juma'ar nan ya nace sai an kai shi masallaci. Abdul-Ganiyu, mutumin Kumasi da suka yi shekara tara suna aiki tare, shi ne ya ɗauko masa kujera, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ko baƙo ne a garin. Sai da Baban Salwa ya amsa sannan ya gane muryar. Rukaya, matar Abdul-Ganiyu, ta ce mini mijinta fita ya yi wurin ajiye motoci ya yi ta kuka. Da na ji haka na san ba zan iya ci gaba da rufewa ba. Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta yi mana wanka muna yara. In ta ji labarin daga baya a bakin wani, da wace fuska zan dube ta?

Don Allah, Yaya, ki je da kanki, kada ki aika. Ki tafi da Kawu Haidar, da hantsi, bayan ta karya ta sha maganinta. Ki faɗa mata a hankali, amma ki faɗa duka, kada ki ce yana samun sauƙi. Shi bai san na rubuta ba. Zan faɗa masa bayan jirgin Alhaji Surajo ya tashi, in zai yi fushi ya yi, na ɗauka. Ranar Juma'a mai zuwa da ƙarfe huɗu na yammacinku, sha ɗaya kenan a nan, lokacin ne ya fi samun ƙarfi, zan jingina shi da matashi in sa masa hula in kira wayarki da bidiyo.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Kawu Haidar da iyalinsa, da Malika da jaririnta, da Anti Mounira in ta zo daga Maraɗi. Salwa tana gaishe ku. Ku sa shi a addu'a, ku sa a yi masa a masallacin unguwa ba tare da an ambaci suna ba, har sai Gwaggo ta ji.

Abu na ƙarshe. Kafin ki miƙa mata wayar, ki kwatanta mata yadda ya koma, fuskar da idanun da wuyan, ki ce mata ɗanta ne za ta gani. In za ta yi kuka a gabansa ta yi, ba komai. Abin da nake tsoro shi ne ta kalle shi ta tambaye ki wane ne.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Bebi.