Tsaga Uku a Kan Makulli

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kina shan maganin, ba tura shi kike ƙarƙashin filo ba yadda kika saba. Mu nan muna nan. Uwar yara tana girki, ni ina fita shago ina dawowa.

An ce kin yi fushi da ni kan maganar Auta, kin ce ni na miƙa ɗana da hannuna. Bari ki ji daga bakina. Kin san ƙa'idar shagonmu tun Baba yana raye: ba a yanka makulli sai mai shi ya zo da na asali, ko da kwaɗon. Kuma duk makullin da na yanka ina yi masa tsaga biyu a kai. Da Auta ya ƙware, na ce shi ya riƙa yin uku, don in aiki ya ɓaci mu san wanda za a ja wa kunne. Da wasa na faɗa.

Wata uku da suka wuce, ba na nan, abokinsa ya kawo masa shatin makulli a jikin sabulu, wai na ɗakinsa ne ya ɓata. Shekarar Auta ashirin da uku, Yaya, ya san makullin da ya ɓata ba ya barin shati a sabulu. Ya yanka. Da shi aka buɗe shagon wani mai sayar da wayoyi aka kwashe kaya, aka karya wa maigadin hannu. Da aka kama abokin, 'yan sanda suka zo suka ajiye makullin a kan teburina, suka tambaye ni aikin waye. Auta yana tsaye bayan injin yankan makulli. Na juya makullin, na ga tsaga uku. Da na ce ban san aikin ba, da sun tafi. Amma na ce na ɗana ne.

A kotu Auta ya amsa laifinsa, alƙali ya ba shi shekara ɗaya da rabi. Uwarsa ta zube a wurin. Ni kuwa ban ji komai ba, ina ta kallon ƙofar kotun, ina cewa a raina sakatar nan tana son mai. Har yau haka nake. Ina ci, ina barci, kukan ya ƙi zuwa.

Na je gidan yari na gan shi. Ya rame, amma bai riƙe ni a zuciya ba. Na tambaye shi me ya sa, tunda ya san ɓarna ce, ya yi wa makullin alama. Ya ce bai ma san ya yi ba, hannunsa ne ya saba da abin da na koya masa.

Ki gaida maigidan, da takwarar Inna, da 'yan biyu. Auta ya ce in gaishe ki, ki yafe masa.

Jiya wata mata ta kawo makullin gidanta na yanka mata. Zan miƙa mata ke nan na duba kansa, sai na ga tsaga uku na yi.

Naki har kullum,
Ƙaninki mai makulli