Sai Takwas Ga Wata

Lahadi, 5 Nuwamba 2006
Nerys ta dawo daga Amurka da tsaraba wa uwarta, matata Eirlys: 'yar na'urar waƙa ta aljihu, da wani ɗan abu kamar yatsa da ake maƙala mata, sai ya watsa waƙar zuwa rediyon mota. Ta zuba tsoffin waƙoƙin cocinsu a ciki, na lokacin da Eirlys ke jan waƙa. Ina gani na san haramun ne a nan. Shekara talatin ina farautar masu watsa shiri ba lasisi, yanzu 'yata ta kawo min abin har gida. Na jefa shi a aljihun tebur.

Talata, 14 Nuwamba
Asibitin Bangor kuma. Awa ɗaya da rabi daga gidanmu a Dolgellau, Eirlys tana jingine da gilashi. Abin jin waƙa na kunne yana sa ta jiri tun da aka fara yi mata magani, motar kuwa rediyo kawai gare ta. Ta ce, "Haba yallaɓai sufeto, wa zai kama mu? Tumaki?" Na ce doka doka ce. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Alhamis, 23 Nuwamba
An sanar: daga takwas ga Disamba abin watsa waƙar ya halatta. Na karanta mata da murnata. "Sati biyu kacal, Eirlys." Ta daɗe tana kallona, ta ce, "To, Emrys." Nerys ta kira da rana. "Baba, ƙarfinsa fa bai wuce tsallaka titi ba! Kai da ka yi ritaya?" Ta kashe waya. Ban ga laifina ba. Sati biyu ne.

Asabar, 25 Nuwamba
Sun riƙe Eirlys a asibiti. Ni kaɗai na dawo.

Laraba, 29 Nuwamba
Yau da hantsi. Ina riƙe da hannunta.

Litinin, 4 Disamba
An binne ta. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mawaƙan coci sun yi ƙoƙari, amma babu mai jan waƙa irinta. Nerys ta haɗa min shayi, ta ajiye a gabana ta fita. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 7 Disamba
Burodi na fita saye. Ban san ya aka yi na tsinci kaina a hanyar Bangor ba, abin yana aljihuna. Na tsaya gefen titi, na lalubo wurin da babu tasha a rediyon, na kunna. Shuuu, sai ga muryarta, tana 'yar shekara talatin, ta cika motar. Na yi kuka kamar ba namiji ba. Tafiya huɗu muka yi da zan iya ba ta wannan.

Na duba kalanda da na dawo. Yau bakwai ga wata. Ban kashe ba har gida.