Jan Fensirin Malam Attahiru

Wurno, Fabrairu 1954

Zuwa ga amini, Malam Lauwali, malamin hakimi a Rabah.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da iyali kuna lafiya. Mu nan sai godiya, sai dai tarin matata Turai da bai gama sakinta ba.

Ga wasiƙarka ta makon jiya na mayar maka da jan fensir, kamar yadda muka saba. Ta fi ta baya, amma har yanzu kana manne kalmomi. Ka rubuta "yace" da "nagode" da "dashi", alhali kowace ɗaya kalmomi biyu ce. Wanda ya faɗa daban, faɗar daban. Ka kuma bar ƙ da ɗ babu lanƙwasa a wurare da dama, kuma ni in na ga haka sai in ji kamar na ga dattijo ya fito kasuwa ba hula. Sai abin da ya fi ci mini rai: ka ce ka sami wasiƙata "cikin ƙoshin lafiya". Wa ke da lafiyar, kai ko takardar? Kowa haka yake rubutawa yanzu, na sani. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko ni ne na cika tsanani. Amma in an bar ƙanana suna wucewa, ban san inda za a tsaya ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma na daɗe ina juya shi kafin in rubuta. Ka ji za a buɗe azuzuwan Yaƙi da Jahilci a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, kuma ana neman mutum ɗaya da zai kula da su duka, wanda suke ce wa oganeza. Baturen makaranta zai zauna da manya a Goronyo cikin wata mai zuwa don a tsai da magana. Lauwali, ina son aikin nan. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko Turai. Tun da muka bar makarantar Midil nake koyar da yara a elemantare, kuma duk shekarun nan ina tara darussa don manya, ba tare da na san ko za su yi amfani ba. Na wuce arba'in. In wannan ya wuce ni ba na jin wani zai zo.

Ka san ba a yin haka, mutum ya tashi gaban manya ya ce a ba ni. Ko da ana yi, bakina ba zai iya ba. Kai za ka halarci zaman a madadin ofishinku, kuma ana jin maganarka. Ina roƙonka ka zama bakina. Ba na so ka ƙara mini abin da ba ni da shi, ka faɗi abin da ka sani kawai.

In ka ga ban cancanta ba, ka faɗa mini ni, zan ɗauka.

Ka gai da mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Attahiru


Rabah, Maris 1954

Zuwa ga Sarkin Lanƙwasa na Wurno, Malam Attahiru.

Bayan gaisuwa, ni ne cikin ƙoshin lafiya, takardar kuwa ban tambaye ta ba. Ka gani, ina koyo. Wasiƙar da ka maido ta yi ja har uwargida ta ɗauka yanka na yi a kanta.

Maganar oganeza, ka kwantar da hankalinka. Wa ke gare su in ba kai ba? Daga nan har Sakkwato babu mai riƙe alƙalami kamarka, kuma haka zan faɗa gaban kowa. Abu ɗaya nake ba ka shawara: kada ka zo Goronyo ran zaman. In aka gan ka a wurin za a ce ka zo neman abu, kuma ka san yadda manya ke kallon wannan. Ka zauna a ajinka, a aiko a kira ka. Ya fi daraja.

A ba Turai zuma da citta, tarin zai tafi. Ka bar sauran a hannuna.

Naka har kullum,
Lauwali


Goronyo, Maris 1954

Zuwa ga ƙanena Attahiru.

Gaisuwa da fatan alheri. Tsohuwarmu Inno tana gaishe ka, tana tambayar jikin Turai. Albasa ta yi kyau bana, mun hwara cira. Ni da hannuna nika rubuta wagga takarda, ban sa kowa ba, don maganar ba ta kunnen wani ba ce.

Bature ya zaka ran kasuwa. Mu ɗaliban Malam Sale, da munka hwara karatun boko tun bara, anka kira mu don a gwada mishi mu. Anka sa kujeru ƙohwar gidan hakimi, mu muna ƙasa bisa tabarmi. Da anka gama da mu ba a sallame mu ba, shi ya sa nij ji komi da kunnena.

Baturen da kainai yaf fara kawo sunanka. Yac ce, "An gaya mini akwai wani Malam Attahiru a Wurno. Wa ya san shi?"

Lauwali yat tashi. Yac ce, "Ranka ya daɗe, aminina ne tun muna yara. Daga nan har Sakkwato babu mai rubutu awa shi." Nij ji daɗi har nit taɓa Ƙasimu da ke kusa da ni, nic ce mishi ƙanena ne aka hwaɗi.

Sai yac ce, "Amma amana ta sa in gwada muku wani abu." Yab buɗe jakkarshi, yah hiddo takardu ɗaure da zare. Wasiƙunshi ne da kaka maida mishi. Yam miƙa ma Bature, Bature yam miƙa ma na kusa da shi, sunka yi ta yawo hannu zuwa hannu. Ja ko'ina, Attahiru. Alhaji mai goro yad ɗaga guda sama yac ce, "Wannan wasiƙa ce ko hwatar akuyar Maraɗi?" Anka yi dariya, har dogarai.

Lauwali bai yi dariya ba. Yac ce, "Ni malamin hakimi ne, kuma amininshi, ga abin da yaka yi min. To ina ga manomi mai hurhura da yaz zo koyon baƙi da yamma, ɗiyanshi na leƙe ta taga? Rana guda za ya zo, ba shi komowa."

Nan Alhaji yan nuna ni yac ce, "Ai ga wanshi nan zaune."

Bature yad dube ni yac ce, "Kai ma yana yi maka haka?"

Attahiru, mi zan ce? Gaban hakimi, gaban jama'a, ba ni iya ƙarya. Nic ce, "Shina yi, ranka ya daɗe, amma ni ban taɓa jin zahi ba, ƙanena ne." Ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Tun ran nan abin ke cina.

Bature yat tambaya to wa za a ba. Ba a daɗe ba wani cikin manya yac ce ga Malam Lauwali nan, ya san mutane, ya san takarda. Lauwali yad duƙar da kai yac ce shi bai nema ba, amma in an ɗora mishi ba shi ƙi. Anka yi hwatiha.

Da anka watse yaz zo yag gaishe ni, yana ce min Yaya awa kullum. Na amsa, don mutane na kallo.

Wagga takarda kak ka maido min ita. Na san akwai kure ciki da yawa. Ka aje ta hakanan.

Wanka,
Mainasara


Wurno, Afrilu 1954

Zuwa ga Malam Lauwali.

Bayan gaisuwa. Na ji abin da ya faru a Goronyo daga bakin wanda ba ya yi mini ƙarya. Na jira ko za ka rubuto da kanka. Ba ka rubuto ba, sai sanarwar naɗinka da ta zo makarantarmu daga ofishin En'e, ni kuma aka ba ni in karanta wa sauran malamai. Na karanta.

Na yi ƙoƙari in sama maka uzuri, domin haka ya fi mini sauƙi. Na ce wataƙila tambayar Bature ce ta zo maka ba shiri, bakinka ya kuɓuce. Amma takardun a ɗaure suke da zare. A Rabah ka zauna ka zaɓe su, ka ɗaure, ka sa a jaka, ka hau doki da su har Goronyo. Kuma kafin haka ka rubuto mini kada in zo. Na sake karanta wannan wasiƙar taka har na gaji, ina neman inda ka yi ƙarya, ban samu ba. Ka ce za ka faɗi cewa babu mai riƙe alƙalami kamata, ka kuwa faɗa.

Abu ɗaya ka bari ba ka gaya musu ba. Jan fensirin nan kai ka roƙe shi. Shekarar da ka faɗi jarrabawar malaman hakimai, ka zo ɗakina ka ce in riƙa gyara duk abin da ka rubuto mini, kada in ji kunyarka, kada in bar ko ɗigo. Ka ci a zama na biyu. Daga baya na tambaye ka ko in daina, ka ce in na daina ka san na daina sonka. Duk jan da suka gani suna dariya, ni a wurina zama ne da na yi bayan na tashi daga aji a gajiye, ina bin layukanka ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya raina ka a ofis.

Na kuma ce maka in ka ga ban cancanta ba ka faɗa mini ni. Da ka ce, Attahiru, ni ma ina so, da na ji ciwo, amma da na janye, ka san halina. Da ka sami aikin, ni kuma ina da amini. Me ya sa sai ta wannan hanya? Har Yaya Mainasara ka bari aka tsayar gaban jama'a ya ba da shaida a kan ƙanensa.

Ba na cewa ba ni da laifi a halina. Tun da abin ya faru nake lura da fuskokin yara in na mayar musu da allunansu, abin da ban saba yi ba. Wataƙila da an ba ni aikin da na kore mutane. Ban sani ba. Amma ba kai ne ya kamata ka tabbatar musu ba, da kayan da na ba ka a ɓoye.

Ina jiran amsarka.

Attahiru


Rabah, Mayu 1954

Zuwa ga amini Malam Attahiru.

Gaisuwa mai yawa. Na bar wasiƙarka ta huce kafin in amsa.

Kai da kanka ka ce ba ka sami ƙarya a maganata ba. To me ya rage? An tambaye ni a kan aikin jama'a, na faɗi abin da na sani, kamar yadda ka ce in yi. Ka tuna Mode maƙeri da ya riƙa zuwa wurinka koyon rubutu? Har Rabah ya zo yana cewa gara ya mutu bai iya ba da ya sake zama gabanka. Ba mugunta gare ka ba, amma kai kuskure kake gani kafin ka ga mutum. Wannan aiki na lallashi ne.

Kuma ni ma mutum ne, Attahiru. Na gaji da bin doki ina rubuta sunayen masu haraji. Ka taɓa tambayata ko ina son wani abu? Ka ɗauka ni baki ne kawai da za ka aika. Da na faɗa maka, da ka janye, gaskiya ne, sannan ka yi shekaru kana kallona da idon wanda ya yi mini kyauta.

Mu bar wannan. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na sa sunanka a matsayin malamin ajin manya na Wurno, kuma darussan nan da ka tara za su yi mana amfani a ƙasashen uku. Zan fara rangadi bayan ruwan farko, Wurno ce zangona na fari. Zan sauka gidanka kamar kullum. Ka ce wa Turai ina nan da kwaɗayin tuwon shinkafarta, mu ci mu yi hira, ka zage ni son ranka, ya wuce.

Naka har kullum,
Lauwali


Wurno, Yuni 1954

Zuwa ga Oganeza, Malam Lauwali.

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa, na karɓi ajin manya na Wurno, domin mutane sun riga sun ba da sunayensu. Darussan za ka same su a ofishin makaranta, ka ɗauki abin da ya yi maka. Abin da ka faɗa game da halina ban gama auna shi ba.

Na sanar da mai gari zuwanka, an share maka ɗaki a masaukin baƙi. Turai za ta aika da tuwon can. In akwai maganar aiki, ina makaranta har azahar.

Allah ya kawo ka lafiya.

Malamin aji,
Attahiru