Simintin Ɗakin Inna

Tawa, watan Mayu, 1967

Zuwa ga yayana Almustafa, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aikin tashar jirgin ruwa, yaya baƙunta? Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, a hoton da ka aiko duk wuyanka ya fito.

Saƙonka ya iso. Na sayi siminti yadda ka ce, don a yi wa ɗakin Inna daɓen zamani kafin damina, ta huta da danshin da ke tayar mata da ciwon ƙafa. Buhunan suna jere a zaure. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa, ta ce gumin ɗanta ne.

Amma Yaya, na ga abin da ya ɗaure mini kai! Idi magini, wanda muka gama magana da shi har da musabaha, ya ce ba zai sa hannu ba sai da takardar izini daga biro, wato ofishin gwamnati, wai siminti yana mai da ɗaki ginin zamani. Izini, a ɗakin da aka haife mu! Na je biro, suka ce sai mai awon fili ya auna, mai awo kuwa yana can wajen Tebaram. Ina dawowa Idi ya tare ni da sabon zance: kuɗin yashi daban, na jakin ruwa daban, na fasa tsohon daɓe daban. Har da kuɗin zaman jira, wai takardarmu ta hana shi karɓar wani aiki.

Inna ta hau faɗa. Ta ce tun ba a haifi Idi ba take jan matan unguwa wajen daɓe, ba ta taɓa karɓar abin da ya wuce fura da goro ba. Ina ta ba ta haƙuri.

Ka huta lafiya. Ni ne ƙanenka,
Attahir

Tawa, watan Yuni, 1967

Yaya Almustafa,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Kada gabanka ya faɗi, ba wanda ya rasu a gida. Amma an yi ɓarna.

Na tafi Bambeye gaisuwar mutuwa. Hadari ya fara haɗuwa, mai awo shiru, Inna ta ce ba za ta zuba ido damina ta same ta ba. Ta tara matan unguwa, suka fasa tsohon daɓe, suka farke buhunan kaf a tsakar ɗaki, suka kwaɓa da tsakuwa da ruwan gabaruwa. Ta ce a bar shi ya kwana ya tsimu, yadda ake yi wa ƙasa. Da safe ta ga ya soma tauri, sai ta ƙara masa ruwa, ta ce a ba shi lokaci ya yi laushi.

Yaya, dutse na tarar. Dutse, har gwiwata, a tsakiyar ɗaki! Madaɓin Inna da ta soka a ciki yana nan tsaye, mun ja shi ni da maƙwabci ko motsi bai yi ba. Matan da suka zo da waƙa sun sulale ba ko sallama.

Idi ya leƙo, ya riƙe baki, bai gama salati ba ya kawo maganar kuɗin fasa dutse. Ba don an riƙe ni ba da yanzu ina hannun gardi, a gidan kaso.

Inna ba ta yi kuka ba, shi ya fi tayar mini da hankali. Ta daɗe tana kallon abin, sannan ta tambaye ni ko buhunan da kake ɗauka a tasha sun kai waɗannan nauyi.

Ka yi haƙuri, Yaya. Naka,
Attahir

Tawa, watan Agusta, 1967

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya sauka, gero ya yi kyau, alhamdulillahi. Wasiƙarka ta zo, na ga inda ka ce a bar maganar, za ka sake tarawa. Ka makara.

Takardar izini ta fito, Idi ya daɓe ɗaki sumul. Ba ni na sayi sabon simintin ba. Ranar kasuwa na tarar da Inna ta dawo da igiya kaɗai a hannu. Saniyarta, Yaya, ita ke nan gare ta, ta ja ta da kanta ta kai kasuwar dabbobi, da wannan ƙafar. Da kuɗin ta sayi sabon siminti, ta biya Idi duk abin da ya faɗa. Innarmu da ke ciniki a kan allura, ko tayi ba ta yi ba! Jiya mata sun zo kiran ta daɓen wani gida, ta ce su je, ita ba ta iya ba. Na shiga ɗaki don kada su ga idona.

Ta roƙe ni kada ka ji ko kaɗan. Ba ta san na riga na rubuta maka labarin dutsen ba, tana zaton har yanzu a saninka simintinka ne a ƙarƙashin tabarmarta.

Don Allah in ka zo da salla, ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ka shafa daɓen, ka ce simintin da ka aiko ya yi kyau. Kada ka bi ta wajen turke. In ta ba ka fura ba nono, ka sha, ka yi shiru.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Ƙanenka,
Attahir