Alayyahu Mai Huji

Alhamis da dare, Ɗambatta

Yau na yi abin kunya. Mu gida goma muka haɗa wa Malam Sule kuɗi tun kafin ya yi shuka a fadama, shi kuma duk Alhamis ya kawo wa kowa kwandon abin da gona ta bayar. Takinsa na dabbobi ne, ba ya feshin magani.

Yau ya kawo kwandon farko da kansa. Ina ɗaga alayyahun na gan shi duk huji, har da tsutsa kwance a jiki. A gaban maƙwabta na ce, "Malam, ragowar tsutsa ka kawo min? Ai ko akuyata ta fi ƙarfin wannan."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajiya, ganyen da tsutsa ta ci ta kwana lafiya, shi nake so yaranki su ci. Na kasuwa da kike gani sumul, ki tambayi abin da ya kori tsutsar." Ya hau babur ya tafi.

Ni da bakina na nemi marar magani, saboda ciwon cikin da 'yata Ummi ta sha bara. Amma taurin kai ya sa na juye wa awaki. Sai a ƙasan kwandon na ga tumatir ƙulle daban. Ashe har gyara ya yi min.

Awaki sun cinye tas, Ummi kuwa miyar kuka ta sha. Kwandonsa na nan bakin ƙofa. Da wane ido zan mayar masa?