Har Régis Ya Koma Ce Mini "Ku"

Lahadi, 11 ga Satumba, Figeac

Na iso. Ɗakin mai gado biyu ne, don tun bara muka kama shi ni da mijina Régis, kafin ciwon mantuwar nan ya ci ƙarfinsa. Matar da ke karɓar baƙi ta leƙa bayana tana neman na biyun. Na ce ba ya zuwa, ban ƙara mata komai ba.

Maud ce ta turo ni. "Mama, ki tafi kawai. Baba yana hannun waɗanda aikinsu ke nan, ke kuma duk kin lalace." 'Yata ba ta iya lallashi ba, a wurina ta gado.

Kafin abincin yamma na kira gidan kula da tsofaffin a Tulle. Josiane, mai jinyar sashensu, ta miƙa masa wayar. "Barka da yamma, Madam. Me zan yi muku?" Muku! Ni Solange, da na shekara arba'in da ɗoriya ina tsintar safarsa a ƙarƙashin gado, yau ni ake ce wa "ku" kamar wata baƙuwa a layin gidan waya. Tun watan Yuli ya fara. Na ce, "Régis, ni ce fa, matarka. Ke za ka ce." Sai numfashinsa nake ji yana hawa. Josiane ta karɓe wayar.

Litinin, 12 ga Satumba, Béduer

Ni a ƙafa nake tafiyar, motar kamfanin da ya shirya ta kuwa ta ɗauki akwatina da safe, ya riga ni isowa, ya huta. Akwati ya fi ni jin daɗin hutun nan.

Hanyar ba wuya, in dai mutum zai bi alamar fenti, ja da fari, a jikin itace ko dutse. Abin kunya shi ne yau na fara kallonsu da idona. Duk yawon da muka yi a duniya bayan Régis nake bi. Shi kuwa kowace bazara yana cikin masu fita da gwangwani da buroshi su sabunta alamun dajinmu, ya dawo da fenti har a gira, ni kuma in yi ta faɗa kan riga. Me zai sa in koyi karatun alama, ga shuɗiyar jakarsa a gabana?

Na ci burodi da cukun akuya a kan katangar wata gona. Na yanka biyu ba tare da na sani ba. Na cinye duka, don haushi.

Talata, 13 ga Satumba, Espagnac

Diddigena ya yi bororo. Kogin Célé yana ta maganarsa a ƙasa, ba da ni ba. Duk wanda muka haɗu, "Barkanku, Madam," "Ku sauka lafiya, Madam." Mutane masu ladabi ƙwarai. Tun da na baro gida babu wanda ya ce mini "ke" in ba Maud ba, ita ma don ta yi mini faɗa ne.

Na kira. Yana barci, in ji su.

Laraba, 14 ga Satumba, Marcilhac

Yau raina a ɓace yake, bari in zube shi a nan.

Masaukin na irin waɗanda ake haɗa kowa a teburi ɗaya ne. Aka zaunar da ni gaban wasu tsofaffi miji da mata daga Lille, Honoré da Ginette. Tun daga romo har zuwa cinyar agwagwa ba su daina sa-in-sa ba. "Kai ka ce mu bi ta hagu, jaki kawai." "Ke dai ci abincinki, bakin nan naki ko Lahadi ba ya hutu." Ta ɗauke fatar agwagwar daga farantinsa saboda hawan jini, ya sace ta ya mayar. Na zauna ina murmushin ƙarya, kishi yana cina. Ba soyayyarsu na yi wa kishi ba, zagin. Da zan samu wanda zai ce mini "ke dai kin fiye mita", da na ba shi agwagwar tawa duka.

Ginette ta tambaye ni, "Ku kaɗai kuke tafiya? Maigidan ya rasu ne?" Na ce a'a. Ta jira sauran bayani, na ci gaba da tauna.

Abin da ya ɓata mini rai tun kafin teburin shi ne wayar. Na same shi a farke, har da fara'a. "Wa ke magana, don Allah?" Na ce yau sai ya gane ni. Na ambaci Maud, na ambaci gidanmu, na ambaci karenmu da ya mutu. Na ce, "Haba Régis, kai ma ka san muryar nan." Ya ce, "Ku yi haƙuri, Madam, ban san me kuke so da ni ba." Sai ya fashe da kuka. Régis, da ko a jana'izar mahaifiyarsa bai bari an ga hawayensa ba.

Ba a jima ba Maud ta kira. Wai likita ya ce duk ranar da na yi wa babanta waya ba ya cin abinci, sai an ba shi maganin kwantar da hankali. In aka sake haka za su daina haɗa ni da shi, ziyara ma sai da mai jinya a tsaye. "Mama, ki bar shi ya ce miki ku ɗin mana, me zai rage ki da shi?" Na ce ita ba za ta gane ba. In na amsa "ku" ɗin nan, to wa ya rage a duniya da ya san ni tun ina da baƙin gashi? Ta ce, "Kin fi son ki yi gaskiya ko ki ji muryarsa?" Na kashe wayar. Tarbiyyar wa yarinyar nan ta ɗauko, oho.

Alhamis, 15 ga Satumba, Marcilhac

Ranar hutu. Na zauna cikin kangon tsohon cocin da ba rufi, ni da tattabaru. Ban kira ba. Tsoro nake ji, ba fushi ba, ko da yake na gaya wa Maud fushi ne.

Juma'a, 16 ga Satumba, Cabrerets

Na gaji, amma sai na rubuta.

Hanyar yau ta bar kogi ta hau tudu. Can sama babu komai sai gajerun itatuwa da katangun duwatsu, duk kamarsu ɗaya, da tumakin nan masu baƙin zobe a ido kamar sun sa tabarau. Su Ginette sun wuce ni tun da hantsi. Ni kuwa ina tafe ina rigima da Maud a zuciyata, ina ba ta amsoshi masu zafi da ban samu na faɗa ranar Laraba ba. Ban san lokacin da na daina ganin fenti ba. Da na farga, hanyar ta ƙanƙance ta koma turbar tumaki, daga nan ta ɓace cikin ƙaya. Na yi dama, katanga. Na yi hagu, katanga. Ruwana ya kusa ƙarewa, rana ta karkata, taswirar da kamfanin ya ba ni kuwa ko a miƙe ko a kife duk ɗaya ne a wurina.

Na zauna bakin wata bukkar dutse ta makiyaya na yi kukana, ba mai gani sai tumaki. Na ciro waya in kira masauki, sai yatsana ya tafi lambar da ya saba. Lokacin kiran ne ma. Josiane ta ɗauka, ta ce, "Madam Solange, a hankali fa yau," ta miƙa masa kafin in ce komai.

"Barka da yamma, wa ke magana?"

Wallahi ban shirya ba. Kwana da kwanaki ina ce wa kowa "ku", mai burodi, direba, har kare na kusa ce wa. Bakina ne ya zarce. Na ji kaina ina cewa, "Ku yi haƙuri, Malam, na ɓata a daji. Ko za ku iya taimaka mini?"

Sai na ji ya gyara zama. Kujerar nan tasa mai ƙara. Muryar da ta fito ba ta mutumin ranar Laraba ba ce.

"Kada ku tsorata, Madam. Alama ta ƙarshe da kuka gani, layi biyu ne a kwance, ko gicciye?"

Na ce ban kula ba.

"To, ba ku kaɗai ba ce, kowa haka yake. Kada ku yanke ta daji, shi ne kuskuren da ke sa a kwana a waje. Ku juya ku bi sawunku. Ku riƙa duba bayan itace, mu masu fenti muna sa wa mai zuwa da mai komowa."

Mu masu fenti. Mutumin da bai san sunan 'yarsa ba.

Na tashi na juya, waya a kunne. Na ce ina tsoron layin ya katse. Ya ce, "Ina nan, ba inda za ni." Ya tambaye ni ko takalmina na kirki ne, ya ce in kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Can sai ga gicciyen, ja da fari, ƙato, a kan wani dutse daidai inda hanya ta rabu. Na wuce ta gabansa ɗazu kamar makauniya. Na ce, "Na gan shi!" Ya yi dariya, irin dariyarsa ta hanci. "Gicciye cewa yake ba nan ba. Yanzu ku ɗauki ɗaya hannun, ku gaya mini in kun ga layi biyu." Na gani. Ya ce, "Madalla. Ku sauka lafiya, Madam, an kira mu cin abinci."

Josiane ta dawo kan layi tana magana ƙasa-ƙasa. "Me kuka ce masa? Ga shi can yana wa maƙwabcinsa lacca kan fenti."

Na iso Cabrerets kafin duhu. Honoré ya riga ya sa takalmi zai fita nemana, Ginette tana ce masa shi ma sai an nemo shi. Na ci abinci sosai.

"Ku" ɗin da na ce masa kuskure ne dai. Gajiya ce ta sa.

Asabar, 17 ga Satumba, Saint-Cirq

Hanyar bakin kogin Lot da aka sassaƙa cikin dutse, sanyi, ga jiragen ruwa na 'yan hutu suna ɗaga wa mutum hannu. Garin a saman dutse yake kamar an ɗora shi don a wahalar da tsofaffi. Cike da baƙi masu shan ƙanƙara mai zaƙi, ni kaɗai ce mai ƙura a ƙafa.

Maud ta kira. Wai babanta ya cinye abincinsa jiya har ya nemi ƙari. "Mama, me kika yi?" Na ce ɓata na yi. Ta ce, "To ki riƙa ɓata." Mara kunya.

Na riƙe wayar da yamma na daɗe. Ban san da wane baki zan fara ba, sai na ajiye.

Lahadi, 18 ga Satumba, Vers

Su Ginette sun koma Lille. Ta sumbace ni a kumatu, ta ce, "Ke kuma ki riƙa duba gabanki." Ke. Ban san na yi kewarta haka ba, kalmar.

Litinin, 19 ga Satumba, Cahors

Na gama. Na tsaya kan tsohuwar gadar mai hasumiyoyi, babu wanda zan ce wa na gama, sai na ce wa ƙafafuna.

Na kira daga kan benci a bakin ruwa. Bai tuna da matar da ta ɓata ba, ban kuma sa rai ba. Na ce ni wata mai yawon ƙasa ce, an ce mini kun san hanyoyi. Ba wai na haƙura ba ne. Ina so in ji ko abin ranar Juma'a sa'a ce kawai.

Mun daɗe. Ya ba ni labarin fenti mai jure ruwa da mara jurewa, abin da na sha ji a teburinmu ina hamma. Yau ban yi hamma ba. Sai ya ce, "Ku kaɗai kuke tafiya? Ni da matata muke zuwa."

Kalmar tana kan harshena, ni ce, ni ce. Na haɗiye ta. Na ce, "Yaya take, matar taku?"

"Kai, ta fiye mita. Tudu ya yi tsawo, burodi ya bushe, ni na cika sauri. Ko alama ɗaya ba ta sani ba." Kujerar ta yi ƙara. "Amma ban taɓa waiwayawa na rasa ta a bayana ba. Ban san inda ta tsaya yau ba, ta daɗe."

Na ce wataƙila takalminta take ɗaurewa, tana nan tafe.

Ya ce haka ne, halinta ne. Ya ce in na biyo ta Tulle in leƙo, in zo da taswirar ya nuna mini inda na yi kuskure.

Jirgin ƙasan da zan hau da safe ne. Na goge taswirar na ninke ta a saman jaka. Na riga na ce masa, "Zan zo ranar Laraba, in ba zan takura muku ba."